Ɗigon Ruwa a Cikin Ƙoƙon Ubangiji

Jama'armu na wajajen Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara sukan tambaye mu: don me ake sayo ruwan inabin Misa daga nesa da tsada haka, alhali ga yakuwa a kowace gona, zoɓo kuma ja ne shi ma? Tambayar ta dace, gama mun san yadda kuɗi ke wuyar samu.

Dokar Ikilisiya ta 1983, sashe na 924, ta umarta cewa ruwan da za a miƙa a bagade ya zama na 'ya'yan inabi zalla, wanda bai lalace ba, domin shi ne Ubangijinmu ya ɗauka a daren Jibin Ƙarshe. Zoɓo ba zai tsaya a madadinsa ba, balle burukutu, wanda ya riga ya rusa mana gidaje da yawa.

Masu yin jan ruwan inabi mai daraja a Bordeaux ta ƙasar Faransa ba su cika dogara ga iri ɗaya ba. Inabin Cabernet Sauvignon yana da ƙarfi da bauri irin na goro. Merlot kuwa yana da taushi a harshe. Sukan gauraya su, su ajiye cikin gangunan katako shekara guda ko fiye, har baurin ya kwanta, ƙanshi ya fito. Mai ɗanɗanawa ba zai iya ware wannan daga wancan ba.

A bagade ma akwai gauraya. Ku dubi hannun Fada lokacin shirya baiko: yakan ɗiga ruwa kaɗan cikin ƙoƙo. Waliyi Siprianus, Bishop na Kartaj a arewacin Afirka, wanda aka kashe saboda bangaskiya a shekara ta 258, ya koyar cewa ruwan nan mu ne, jama'a, ruwan inabin kuwa jinin Kristi ne. Da zarar sun haɗu, ba mai raba su.

To, ga inda maganar ta taɓa mu. 'Yan bindiga sun raba iyalai da gonakinsu a yankin Ruwan Godiya da kewaye, waɗansunsu kuwa suna zaune a bencin baya na majami'unmu, muna kiransu baƙi. Ƙoƙo ɗaya aka ɗiga mu da su. Ranar Lahadi mai zuwa a matsa musu a benci, a sa su cikin masu karatu da mawaƙa, Zumuntar Mata Katolika kuma ta rubuta sunayen matansu a littafinta.