Sabo da Kaza: Haƙƙin Gurguwa a Kan Mai Ita

Masu iya magana sun ce, sabo da kaza ba ya hana yanka. Wannan batu gaskiya ne, ba mu da ja a kansa. Sai dai akwai wata tambaya da karin maganar bai amsa ba, wadda kan taso ranar da aka wayi gari kazar gida tana ɗingishi, ta kasa bin 'yan'uwanta kiwo. Shin dabbar da muka riga muka san tukunya ce makomarta tana da wani haƙƙi a kanmu, ko kuwa jinyarta ɓata lokaci ce kawai?

Masu ganin ɓata lokaci ce suna da hujjarsu. Sukan ce kuɗin magani na iya zarce kuɗin kazar, kuma gidan da ake fama da neman maganin zazzaɓin yaro ba shi da rarar da zai kashe wa tsuntsu. Ba mu raina wannan hujja ba, domin a ƙauyukanmu kaza asusu ce ga mace; ita ake kamawa a sayar idan buƙata ta taso. Amma hujjar ta ginu ne a kan zaton cewa darajar kaza ita ce farashinta, alhali kuwa kafin ta zama haja, rai ce mai jin zafi.

A shekarar 1789 masanin falsafa na Ingila, Jeremy Bentham, ya yi nuni da cewa abin lura game da dabba shi ne ko tana shan wahala, ko da kuwa ba ta magana, ba ta kuma tunani irin namu. Bincike ya tabbatar da haka a kan kaji. A shekarar 2000 masana a Jami'ar Biristol ta Ingila sun ajiye wa kajin gona abinci iri biyu, ɗaya da maganin rage zafi a ciki. Guragun kajin sun fi masu lafiya cin mai maganin, tafiyarsu kuma ta daɗa kyau. Ashe ke nan ɗingishin kaza kuka ne, baki kawai ta rasa.

Haƙƙinta na farko shi ne a kama ta a duba, kuma wannan ba ya cin ko kwabo. Sau da yawa zare ne ko gashin kitso ya naɗe mata yatsa har ya hana jini gudana, wanda idan ba a warware ba yatsar kan mutu ta guntule. Wani lokaci ƙaya ce ko kwalba ta huda tafin ƙafa, ƙwayar cuta ta shiga, wurin ya kumbura ya tara mugunya. Sai a jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri, a tsabtace, a ɗaure, a ajiye ta a busasshen wuri. Idan karaya ce a ƙwauri, ilimin ɗori da muka gada ya wadatar: a daidaita ƙashin, a sa tsagin kara a gefe biyu, a naɗe ba tare da matsewa ba, kuma ƙashin kaza kan haɗe cikin kamar mako uku. A duk wannan hali wajibi ne a keɓe ta a akurki ko ƙarƙashin kwando, a kusanto mata da ruwa da tsaki, saboda sauran kaji kan tsattsage wadda suka ga jini a jikinta, kuma gurguwa ba ta iya tsere wa shaho ko muzuru.

Akwai kuma gurguntar da ba ta jin magani. Cutar Marek, wadda wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari mai wannan suna ya bayyana a 1907, takan shanye jijiya har a ga kaza kwance, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Cutar Niyukasul, mai share kajin unguwa musamman a lokacin hunturu, takan murɗe wuya ta kashe ƙafafu. Rigakafi ne kaɗai kariya daga waɗannan, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana sarrafa na Niyukasul. Idan malamin dabbobi ya tabbatar babu warkewa, tausayi shi ne a hutar da ita. Hadisi ya umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa ya sauƙaƙa wa abin yankansa, wato wuƙar ma tana da ladabinta.

Saboda haka, jinya hanya ce mai kyau, gaggauta hutarwa ma haka. Abin zargi shi ne hanya ta uku, wadda ita muka fi bi: a ga kaza tana jan ciki a tsakar gida kwana da kwanaki, kowa ya tsallake ta, har ƙishirwa ta ƙarasa ta a jefar da mushe a bola. Kusa da wannan akwai mai ɗaure ƙafafunta ya kai ta kasuwa don ɗaurin ya ɓoye aibin, ya haɗa zaluntar dabba da ha'intar mutum. Wannan kazar ita ce ta yi kwancin kwana 21 ta ƙyanƙyashe mana 'yan tsaki, ƙwanta kuma muka ci. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Daga ƙarshe, mu tuna cewa yara na kallo. Yaron da ya riƙe fiffike ana yi wa kaza ɗori ya koyi cewa rauni abin taimako ne, wanda kuwa ya saba jifan gurguwa ana dariya, da wuya darasin ya tsaya a kan kaji. Gaskiya ne sabo da kaza ba ya hana yanka, amma sanin za a yanka ta gobe bai sauke nauyin ba ta ruwa yau ba.