Arahar Mai Sani da Hasarar Marar Sani a Cinikin Tsoffin Kuɗi

Darajar tsohon kuɗi a wajen masu tara shi ba ta rataya a kan nauyin ƙarfensa ko adadin da aka rubuta a fuskarsa ba, ta dogara ne a kan ƙarancinsa, da lafiyar jikinsa, da tarihin da yake ɗauke da shi, waɗanda duk abubuwa ne da ido kaɗai ba ya gane su sai da karatu. Dinaren Banu Umayya, tun daga gyaran da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa bai wuce giram huɗu da kwata na zinariya ba, amma a shekarar 2011 kamfanin gwanjo na Morton & Eden da ke Landan ya sayar da guda ɗaya, bugun shekara ta 105 bayan Hijira, a kan fam miliyan 3.72, saboda a jikinsa an ambaci mahaƙar zinariyar Amirul Muminina da ke Hijaz. 'Yan'uwansa na wancan zamani, masu nauyi ɗaya da zinariya iri ɗaya, ba su kusanci wannan farashi ko da wasa ba. Tazarar da ke tsakani 'yan kalmomi ne da rubutun Kufi, kuma wanda ya iya karanta su ya ga abin da ya ɓoyu ga wanda bai iya ba.

Daga nan ake gane inda araha take fitowa a wannan sana'a. A manyan gidajen gwanjo ba a cika samun ta ba, domin ƙwararru sun riga sun auna kaya sun bayyana su. Ana samun ta ne a cikin tarkacen mai kayan gwanjo, da gwangwanin da magada suka tarar a ɗakin mamaci, da tarin azurfar da maƙerin fari ya ajiye zai narke. Mai tara kuɗi yakan durƙusa a gaban tire, da ɗan madubin ƙara girma a hannu, yana juya anini da ɗari da kwabo masu huda a tsakiya da tauraro mai kusurwa shida, irin waɗanda Turawan Ingila suka fara bugawa domin Afirka ta Yamma a 1907, yana neman wani ɗan harafi da bai kai ƙwayar gero ba, H ko KN, wanda ke nuna ko a masana'antar Heaton aka buga shi ko a ta King's Norton, duka a Birmingham. Haɗuwar wata shekara da wani harafi kan sa kuɗin ya yi wuyar samu, haka kuma rashin gogewa, abin da 'yan kasuwar Amurka ke aunawa da ma'aunin Sheldon mai daraja daga 1 zuwa 70. Suna kaɗai ba ya sa tsada: kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus bai cika shekara a gadon sarauta ba, an buga shi da yawa, kuma ba shi da tsadar da masu shi suke tsammani. Idan mai neman ya ci karo da abin da yake so, sai ya haɗa shi da wasu uku marasa amfani, ya taya gaba ɗaya, mai kaya ya ce albarka, a ja kaɗan, a sallama. Ribarsa duka ta fito ne daga abin da ya sani wanda mai kayan bai sani ba, tambayar kuwa ita ce ko wannan riba tana da tsarki.

Tambayar ta girmi sana'ar. A shekara ta 44 kafin Miladiyya, Cicero, ɗan siyasa kuma marubucin Rum, ya kawo ta a littafinsa kan wajibai, inda ya sawwara mutumin da ke sayar da zinariya yana zaton tagulla ce, ya tambaya ko mutumin kirki zai faɗa masa, ko kuwa zai saya da dinare ɗaya abin da ya kai dubu. Ya ba da labarin saɓanin malamai biyu na mazhabar Stoa: Diogenes na Babila yana ganin yin shiru daban ne da ɓoyewa, Antipater na Tarsus yana ganin ɗan'adam ba shi da ikon cin moriyar duhun kan ɗan'uwansa, shi kuma Cicero ya karkata ga na biyu. A ƙarni na 13 malamin Kirista Thomas Aquinas ya bi wannan hanya, har ya wajabta wa mai saye ya mayar da abin da ya tauye in ya san gaskiya. Kotunan Amurka sun sassauta. A 1885 kotun ƙolin jihar Wisconsin ta saurari ƙarar wata mata da ta sayar wa mai kayan ƙawa wani ɗan dutse a kan dala ɗaya, daga baya ya tabbata lu'ulu'u ne da ya kai kimanin dala 700, ta kuma bar cinikin yadda yake, amma ta kafa hujja da cewa shi ma mai sayen bai san ko mene ne ba a lokacin. Wannan sharaɗi yana da nauyi, domin mai tara kuɗin da ke gaban tire ya sani.

Shari'ar Musulunci ba ta yanke wa riba iyaka ba. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinare ɗaya ya sayo akuya, sai ya sayi biyu da shi, ya sayar da ɗaya a kan dinare, ya komo da akuya da dinare, aka kuma yi masa addu'ar albarka. Saboda haka saye da araha shi kaɗai ba laifi ba ne. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun tattauna misalin da ya yi daidai da na tsohon kuɗi: mutum ya sayar da dutse a kan ɗan kuɗi kaɗan, daga baya ya bayyana yaƙutu ne. Abin da Muhtasar na Halil ya tafi a kai, kamar yadda masu sharhi irin su Dardir suka fayyace, shi ne ba a warware cinikin muddin an kira abin da suna na gama-gari wanda ya dace da shi, wato dutse, domin mai kaya shi ya yi sakaci wajen bincika kayansa. Idan kuwa an kira shi da sunan da ba nasa ba, aka ce gilashi ne alhali yaƙutu ne, to mai kaya yana da ikon karɓar abinsa. Haka nan gabanu, wato tauye ɗaya daga cikin masu ciniki a farashi fiye da yadda aka saba, mashahurin zance a mazhabar shi ne ba ya warware ciniki, ko da yake Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, ya kawo a littafinsa Tuhfa cewa ana sauraron mai ƙarar gabanu idan bai wuce shekara ba, kuma ya jahilci abin da ya yi, kuma tauyewar ta kai sulusi.

Mai gaggawa zai tsaya a nan ya ce ta faɗi gasassa. Sai dai hukuncin yana da togaciya, kuma a cikin togaciyar ne mafi yawan cinikin tsoffin kuɗi yake faɗawa. Ta farko ita ce istirsali, wato mutum ya miƙa wuya ga abokin cinikinsa, ya ce bai san farashi ba, a saya yadda ake saye a wajen mutane. Wanda ya tauye irin wannan ya ci amana, kuma ana warware cinikin. Dattijuwar da ta kawo sulallan mijinta ta ce, "Ɗana, duba min waɗannan, nawa za su yi?" ta riga ta mayar da mai saye mashawarcinta, saboda haka duk farashin da ya ambata shaida ce ya bayar, kuma shaidar da ya san ƙarya ce ba ta zama gwanintar ciniki. Ta biyu ita ce sunan da aka kira kaya da shi: wanda ya ɗaga sulen azurfa na kafin 1920 ya ce ai farin ƙarfe ne kawai, ya shiga cikin mas'alar gilashi da yaƙutu da bakinsa. Ta uku ita ce hanin da aka yi na tarbar ayari, wato a tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su isa kasuwa su san farashi, kuma a ruwayar Muslim an ba mai kaya zaɓi idan ya iso kasuwa. Dalilin hanin a bayyane yake, kuma yana da wuya a ce bai shafi wanda ke zuwa gidan makoki tun ba a raba gado ba, domin ya riga kowa saye kafin magada su nuna wa wani. Kayan marayu da kayan da wakili ke sayarwa sun fi tsanani, tunda mai sayarwar ba shi da ikon yafe abin da ba nasa ba. Ko a wajen gwanjo Malikiyya sun yarda mutum ya roƙi wani daga cikin masu tayi ya janye, ba su yarda ya haɗa baki da dukkansu ba, abin da Ingila ma ta yi wa doka a 1927.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɓangaren mai tara kuɗi wadda bai kamata a raina ta ba. Sanin da yake da shi bai faɗo masa daga sama ba, ya sayi littattafai, ya yi shekaru yana dubawa, ya sha sayen jabu ya yi hasara. Masanin shari'a Anthony Kronman ya bambanta, a wata maƙala ta 1978, tsakanin sanin da mutum ya sha wahala ya nema da wanda ya tsinta a banza, yana ganin idan aka tilasta wa mai nema ya bayyana komai kyauta, babu wanda zai ƙara nema. Ga tsoffin kuɗi wannan magana tana da gaskiya ta musamman, domin makomar azurfar da ba a gane ta ba ita ce wutar maƙeri, ta koma zobe ko munduwa, tarihin da ke jikinta ya tafi ke nan. Wanda ya tsamo ta ya yi wa tarihi aiki, kuma ya cancanci lada. Wannan hujja ta isa a gaban ɗan kasuwar da ya buɗe shago, ya rubuta farashi da hannunsa, ya tsaya a matsayin masani. Idan ya kasa ganin ɗan harafin da ke ƙasan kwabo, hasararsa ce ta sana'a, kuma gobe shi zai ci ribar kuskuren wani. Ba ta isa ba a gaban wanda bai taɓa shiga wannan kasuwa ba, domin ladan wahala yana da gwargwado, kuma babu wahalar karatun da ladanta ya kai a karɓe wa mutum kusan dukan dukiyarsa.

A nan ne ingancin ciniki a gaban alƙali ya rabu da tsarkin riba. Alƙali yana duba abin da aka furta, ba ya iya bin kowace araha ya warware ta, in ba haka ba kasuwa ba za ta ci ba. Alƙur'ani kuwa, a Suratun Nisa'i, ya rataya halaccin fatauci a kan yardar juna, kuma yardar da za ta rikiɗe ta zama kuka da zarar mai ita ya ji gaskiya, yarda ce mai rauni. Nawawi ya kawo a sharhin Muslim cewa an sayo wa sahabi Jarir ɗan Abdullahi doki a kan dirhami 300, da ya ga dokin sai ya gaya wa mai shi cewa ya fi haka, ya yi ta ƙari ɗari bayan ɗari har 800, yana kafa hujja da mubaya'ar da ya yi a kan yi wa kowane Musulmi nasiha. Ba a wajabta wa kowa ya kai matsayin Jarir ba, kuma mai saye domin ya sayar dole ya bar wa kansa riba da kuɗin haɗarin da ya ɗauka. Amma tsakanin biyan cikakken farashi da biyan kuɗin narkakken ƙarfe akwai fili mai faɗi, kuma yana iya cewa wannan guda ya fi sauran, ya taya shi daban, ya bar mai kaya ya nemi ra'ayin wani in ya so.

Rashin sani kuma ba kullum yake ɓangaren mai kaya ba. Dalar azurfa ta Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta yi yawo daga Habasha da Sudan har Borno da Kano, kowace ɗaya da aka buga bayan rasuwar sarauniyar tana ɗauke da shekarar 1780, kuma har yanzu ana buga ta haka a Biyana. Sabon shiga da ya ga wannan shekara yakan ɗauka ya samu kuɗin da ya haura shekara ɗari biyu, ya biya da murna yana zaton shi ya ci araha, alhali abin da ke hannunsa kimanin giram 28 ne na azurfa mai gauraye, wanda akasari farashinsa bai yi nisa da na ƙarfensa ba. Dillalin da ya ga wannan zato ya yi shiru yana tsaye ne daidai inda mai tara kuɗi ya tsaya a gaban dattijuwar. Sannan idan kuɗin na zinariya ne ko azurfa, wani babi yana shigowa, wato sarfu, canjin kuɗi da kuɗi: dole a yi shi hannu da hannu ba jinkiri, kuma idan zinariya ce da zinariya sai nauyi ya yi daidai. Muwaɗɗa ta kawo cewa Ibn Umar ya hana wani maƙeri karɓar ƙarin nauyi saboda aikin hannunsa, saboda haka a bisa mazhabar Malikiyya ba a musanya tsohon dinare da zinariyar da ta fi shi nauyi, komai ƙarancinsa, sai dai a saye shi da wani nau'in kuɗi, a kuma biya a wurin zama ɗaya.