SHIN ƘAGAGGEN LABARI ƘARYA NE?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Jama'a, kwanan baya matasan unguwarmu suka shirya ranar adabi a zauren wata makaranta. Da safe marubuta suka yi jawabi a kan littattafansu, bayan sallar Azahar kuma aka rarraba masu sha'awa rukuni-rukuni ana koya musu dabarun tsara labari. Ana cikin haka sai wata yarinya ta miƙe ta ce, "Malam, mahaifina ya hana ni rubutu. Ya ce mai ƙaga labari maƙaryaci ne, kuma zai amsa tambaya ranar gobe. Yaya zan yi?" Zauren ya yi tsit. Wannan tambaya ita ce abin da za mu duba a wannan mako.

Da farko dai kada kowa ya yi wa mahaifin nan dariya, domin tsoronsa yana da tushe. Musulunci ya tsananta a kan ƙarya ƙwarai, har ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa akwai azaba ga wanda yake ƙarya don ya ba mutane dariya. Kuma damuwar tsohuwa ce. A shekarar 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga yana neman waɗanda za su shiga gasar rubuta labarai, ya tarar malamai da yawa suna ganin tatsuniya aikin mata da yara ne, bai dace da alƙalamin mai ilmi ba. Duk da haka gasar ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

To, mene ne ƙarya? Ita ce mutum ya faɗi abin da ya san ba haka yake ba, da nufin mai sauraro ya ɗauka haka ne. Watau cikinta akwai yaudara. Shi kuwa wanda ya sayi Magana Jari Ce ya san babu wani aku da ya taɓa riƙe ɗan sarki da hira dare bayan dare. Marubuci ya sani, mai karatu ya sani, ba wanda aka ruɗa. Wannan shi ake kira buga misali, kuma malaman Musulunci sun daɗe da shi. Tun ƙarni na 8 Ibnul Muƙaffa ya mayar da Kalila wa Dimna cikin Larabci, inda diloli da zaki suke magana. Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, ya rubuta maƙamai 50 a kan wani Abu Zaidi da shi ya ƙaga, kuma littafinsa na cikin waɗanda manyan ɗalibai suke karantawa a zaurukanmu don sanin lugga. Da ƙaga labari shi kansa haramun ne, da malamanmu ba su yi ɗaruruwan shekaru suna biya shi ga almajirai ba.

Amma fa kada marubuci ya ji haka ya ɗauka an sake masa linzami. Haƙiƙa ƙarya tana shiga ƙagaggen labari, sai dai ta wata ƙofa. Ta farko ita ce mutum ya ɗauki maƙwabcinsa ko tsohuwar matarsa, ya sauya suna kawai, ya ɗora musu abin da ba su aikata ba, yadda duk ɗan unguwa zai gane da wa ake. Wannan ƙazafi ne, sauya suna ba ya wanke shi. Ta biyu ita ce a yi wa rayuwa ƙarya: a nuna wa yarinya cewa aure gidan sama ne da mota, ko a nuna wa yaro cewa mai damfara yana ƙarewa lafiya. Mai karatu ya san mutanen labarin ƙagaggu ne, amma darasin yakan ɗauke shi gaskiya, ya kuma gina rayuwarsa a kai. Ta uku ita ce satar aikin wani a sa masa suna, kuma ta yawaita tun da labarai suka koma yawo a wayoyin hannu.

Dubi Shaihu Umar. Mutumin ƙagagge ne, amma abin da littafin ya nuna na cinikin bayi ta hamada, da wahalar uwa mai neman ɗanta, gaskiya ne tsantsa. Irin wannan marubuci ya riƙe amana. A ƙarshen Suratush Shu'ara ma, bayan an zargi mawaƙa, sai aka togace waɗanda suka yi imani suka aikata aikin ƙwarai. Ke nan abin dubawa shi ne inda alƙalami ya dosa.

Saboda haka muna kira ga masu shirya irin wannan rana, da ƙungiyoyin marubuta baki ɗaya, da su ware lokaci don maganar amana, kamar yadda suke warewa don koyar da zubi da salo. Malamai kuma su riƙa halarta, su karanta littafi kafin su yanke masa hukunci. An ƙona littattafan hikaya a Kano a 2007, amma rubutu bai tsaya ba. Gyara ya fi ƙonawa amfani.

Ita kuwa 'yarmu mai tambaya, shawararmu ita ce kada ta yi rubutu a ɓoye, kada kuma ta yi jayayya da mahaifinta. Ta nemi malamin da yake jin maganarsa ya yi masa bayani, sa'an nan ta miƙa masa labarin ya karanta da kansa. Duk shafin da take jin nauyin ya gani, to, wannan shafin yana bukatar gyara.

Allah Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu, Ya sa mu dace, amin.