Tsakanin Son Ci Da Riƙon Zumunci

'Yar'uwa, akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, yau dai na ce bari in kawo miki ita mu juya ta tare. Shin mutum zai iya neman ya fi ɗan'uwansa da iyakar ƙarfinsa, sannan zumuncinsu ya tsira? Ko kuwa dole sai an zaɓi ɗaya, ko dai a ci, ko a zauna lafiya? Masu iya magana sun ce in ana dara fidda uwa ake yi, wato wurin gasa ba sani ba sabo. To amma ai dara tana ƙarewa, a tashi a kakkaɓe zane, kuma da wannan uwar za a kwana gida ɗaya. Abin da ya taso mini da maganar wani wasa ne na mutanen ƙasashen sanyi, waɗanda suka shekara ɗaruruwa suna fama da wannan tambaya, har suka samo mata amsar da ta cancanci a saurara.

Sunan wasan kalin, asalinsa kuwa ƙasar Sikotlan ce, can arewa da Ingila. A gidan tarihi na garin Stirling akwai wani tsohon dutsen wasan da aka sassaƙa shekarar 1511 a jikinsa. Idan hunturu ya kama, tafkuna suka daskare, gona ta tsaya, sai manoma da masaƙa su fito kan ƙanƙara suna tura duwatsu. Da mutanen Sikotlan suka yi ƙaura zuwa Kanada sai suka tafi da abinsu, har aka kafa kulob a birnin Montreal a 1807, wanda yake nan har yau. Nijeriya ma ta shiga ƙungiyar wasan ta duniya a 2018, ita ce ta farko a Afirka.

Ga yadda ake yin sa. Fili ne na ƙanƙara mai tsawon kimanin mita 45, an zana da'ira a kowane ƙarshe, ita suke kira gida. Dutsen mulmulalle ne mai mariƙi a sama, nauyinsa ya kusa kilo 20, mafi daraja kuwa shi ne wanda ake fasowa daga wani ɗan tsibiri mai suna Ailsa Craig. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare, kowa dutse biyu. Mai turawa sai ta durƙusa ta sulale, ta saki dutsen tana ɗan murza shi don ya tafi yana karkata. Biyu daga cikin 'yan ɓangarenta sai su bi gabansa da shara. E, shara na ce, irin wadda kike yi kullum safe ba a ba ki ko sisi, su har lambar zinariya ake ba su a kanta. Gogar da suke yi tana ɗan ɗumama fuskar ƙanƙarar, sai dutsen ya ƙara nisa kuma ya rage karkata. Ta huɗun ita ce jagora, tana tsaye a cikin gida tana nuna inda za a nufa, tana kwala kiran a share ko a bari. Idan duwatsu 16 sun ƙare, ɓangaren da dutsensa ya fi kusa da tsakiyar gida shi ke da maki. Haka za a yi ta yi, yawanci zagaye takwas, wajen awa biyu.

Ba 'yan wasan da ake nunawa a talabijin ne suka ja hankalina ba, ƙananan kulob na garuruwa ne, inda ba a biyan kowa, su ne ma ke biyan kuɗin shiga duk shekara. A nan za ki ga malamar makaranta da manomi da nas da matar aure da tsohon da ya yi ritaya duk a kan ƙanƙara ɗaya. Kulob irin wannan yakan raba darensa biyu. Akwai daren nishaɗi, inda ake cakuɗa gwani da ɗan koyo, a yi wasa a yi dariya. Akwai kuma daren gasa, inda ake rubuta sakamako, wanda ya ci ya hau, wanda aka cinye ya sauko, a ƙarshen hunturu a ba da kofi. To a tsakanin waɗannan darare biyu ne rigimar take.

Mu ɗauka ga mata biyu a kulob ɗaya. Ta farko ci kawai ta sani. Idan aka haɗa ta da sabuwar shiga a daren nishaɗi sai ta ɗaure fuska, yarinya ta tura dutse ya wuce gida, ita kuwa ta yi tsaki har na ƙarshen fili ya ji. Ta tattara gwanaye uku ta maƙale musu, ba ta yarda a raba su. Sabuwar shigar nan in ta zo sau biyu ba za ta zo na uku ba, kuma kulob ɗin da sababbi ba sa dawowa, ƙarshensa a rufe ƙofa, gwanar ta rasa wanda za ta ci. Laifin wannan a fili yake, kowa zai faɗa.

Ta biyu ita ce ba a cika ganin nata ba. Kullum maganarta, "Haba, wasa ne fa." Ta zo a makare, mutum bakwai na tsaye cikin sanyi suna jiranta. Dutse na tafe ana kiran a share, ita tana can tana hira. In aka yi magana ta ce ita zumunci ya kawo ta. To wane irin zumunci ne wannan, da za ki bar 'yan'uwanki uku suna gumi ke kina dariya? Har abokan karawar ma ta wulaƙanta su, domin sun baro gidajensu ne don a gwada su, ita kuwa ta miƙa musu ci kamar sadaka. Wanda ya kara da ke da gaske ya girmama ki, ya nuna kin kai a yi shiri dominki. Don haka ni ban yarda cewa son ci shi ne cutar ba. Da babu shi, da tura dutse bai fi turin garwa ma'ana ba.

To ina gyaran yake? Ku biyo ni zuwa ga wata doka tasu. Idan dutse na tafiya, mai shara ta taɓa shi da tsintsiya ko ƙafa, ko da shafa ce kaɗan, sai su ce dutsen ya ƙone. A wasan kulob babu alƙali, babu mai busa usur. Jagora tana nesa, abokan karawa na gefe, sau da yawa babu wanda ya gani sai wadda ta taɓa. Al'adar wasan ita ce ita da bakinta za ta faɗa. Ki tsaya ki auna wannan. Zagayen ƙarshe ne, ana kunnen doki, dutsen ya tafi daidai zai zauna a tsakiyar gida, kofin da kuka yi wata biyar kuna nema yana kansa. Gefen tsintsiyarki ya ɗan goge shi, bai ma canja hanya ba. Kika ɗaga kai, ba idon da ke kanki. In kin yi shiru kun ci, 'yan'uwanki su rungume ki. In kin faɗa, mai yiwuwa a fitar da dutsen, ki mayar da su gida hannu rabbana.

Zuciya ba ta rasa hujja a irin wannan wuri. Za ta ce miki ai bai motsa ba, za ta ce ba haƙƙinki ne ke kaɗai ba, na mutum huɗu ne. Amma ki lura, waɗancan huɗun da ke gefe sun yarda su yi wasa ba alƙali ne saboda sun ɗauka ke ce alƙalin kanki. Amana suka ba ki ba tare da sun furta ba. Kofin da aka ɗauka ta haka zai zauna a kan kabad yana ƙyalli, baƙi su yaba, ke kaɗai kika san abin da ke cikinsa, kuma duk ranar da kika goge masa ƙura sai kin tuna.

Abin da ya ƙara burge ni, jarrabawar ba ta tsaya kan mai laifi ba. Idan dutsen ya riga ya kusanci gida lokacin da aka taɓa shi, jagorar ɗaya ɓangaren ce ake bai wa zaɓi: ko ta fitar da shi, ko ta bar shi yadda ya tsaya, ko ta ajiye shi inda take ganin da zai tsaya. Kin ga yanzu wuƙa da nama sun koma hannunta. Doka ta ba ta damar fitarwa, amma ita ma ta san shafar ba ta canja komai ba. In ta ce, "Bar shi, ƙawata, da ma can nan zai zauna," ta biya gaskiya da adalci. In ta yi wuf ta harbe shi waje, ba ta karya doka ba, sai dai ta koya wa kowa a kulob cewa faɗin gaskiya asara ne. Gaskiyar mai rauni tana rayuwa ne gwargwadon adalcin wanda aka gaya wa.

Sauran al'adunsu ma duk hanya ɗaya suka nufa. Ana musabaha kafin a fara, ana yi bayan an gama. Mataimakan jagorori biyu su ke duba duwatsu su amince da maki a tsakaninsu, sai ido ya kasa rabewa ake ɗauko ma'auni. Ba a murna don abokin karawa ya yi kuskure. Idan an yi wa ɓangare nisan da ba zai kamo ba, yana iya cire safar hannu ya miƙa hannu tun kafin zagaye su cika, kuma ba a ɗaukar wannan abin kunya. Sannan in an fito, mutum takwas ɗin nan teburi ɗaya suke zama, waɗanda suka ci su ke fara saya wa waɗanda aka cinye abin sha. Da yawansu giya ce, al'adarsu ke nan, wasu shayi ko lemo. Ni abin da na duba shi ne wanda ya biya, da kuma zaman kansa. Wadda ta san nan da rabin awa za ta zauna tana kallon idon abokiyar karawarta, dole ta yi wasan da zai bar ta ta iya ɗaga kai.

Kada ki ɗauka wannan hali na waɗanda ba su iya ba ne. Sandra Schmirler, 'yar wani ƙaramin gari mai suna Biggar a lardin Saskatchewan na Kanada, daga irin wannan kulob ta taso. Ita da ƙawayenta uku, kowacce da aikinta da gidanta, sun ci gasar duniya sau uku, a 1993 da 1994 da 1997. A 1998, a garin Nagano na Japan, suka ɗauki zinariyar Olamfik, alhali tana da jaririya 'yar watanni. Ta rasu a 2000 tana da shekara 36. Ta so ci iyakar so, kuma mutanen ƙasarta suna tunawa da ita da fara'a da riƙon ƙawaye kamar yadda suke tunawa da lambobinta.

Na san wata za ta ce, "Wannan duk daɗin baki ne, bari kuɗi su shigo ki gani." Tana da gaskiyarta. A manyan gasanni akwai alƙalai, har na'ura aka sa a mariƙin dutse don ta nuna wanda ya wuce layi bai saki ba. A 2015 an yi babbar rigima a kan wasu sababbin tsintsiyoyi da ƙyallensu ke karce ƙanƙara, har mai shara ya iya juya dutse yadda ya so. Amma ki ji yadda ta kaya: manyan 'yan wasa da yawa suka sa hannu da kansu cewa sun daina amfani da su, kafin a 2016 hukumar wasan ta tsayar da ƙyalle iri ɗaya ga kowa a gasa. Lallai in abin da za a ci ya girma, amana takan yi nauyi. Sai dai wadda ba ta saba faɗin dutsen da ta taɓa a daren nishaɗi ba, ranar da ba komai a kai, ba za ta fara a ranar kofi ba. Hali zanen dutse ne, kuma a ƙananan ranaku ake zana shi.

Amsata ga tambayar da na fara da ita ke nan. Ana iya neman ci da zumunci a lokaci guda, in dai an san wanne ne ke riƙe da wanne. Gasa ta dare ɗaya ce, mutanen kuwa na shekara da shekaru ne. Ke da ba ki taɓa taka ƙanƙara ba, kin san filin da kike karawa, ko a aji ne, ko a sana'ar da kike yi ke da maƙwabciya, ko a cikin gida. Ban ce ki ja baya ba, ban ce ki ɓoye iyawarki don a ce kina da kirki ba. Ki yi iyakar ƙoƙarinki, ki fi in za ki iya. Amma kafin ki ɗauki kowace dabara, ki tambayi kanki ko za ki iya faɗin ta a gaban wadda kika yi wa, kuna cin tuwo kwano ɗaya. In za ki iya, bismilla. In kuwa sai kin sunkuyar da kai, to dutsen ya ƙone, ki faɗa tun ba a ƙirga maki ba.