Wa Ke Da Ikon Cewa Kwamfuta Ta Mutu?

Ya kai mai karatu, yau ga tambaya mun kawo maka: idan mutum ya sayi abu da guminsa, wa ke da ikon cewa abin nan ya ƙare aiki? Mai shi ne, ko wanda ya sayar masa?

Idan ka shiga wasu ofisoshi da makarantu daga Madawa zuwa Buza, ba za ka rasa ganin tsohuwar kwamfuta a lungu ba, ƙura ta rufe ta. In ka tambaya sai a ce maka ta mutu. Amma in ka kunna ta, sau da yawa sai ka ga ta kama, nauyi kawai take yi. To, abin da ke numfashi, yaya za a yi masa jana'iza?

Bari mu fayyace maganar. Kwamfuta abu biyu ce. Akwai gangar jiki, wato ƙarfe da wayoyi da allo. Akwai kuma babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda in babu ita ƙarfen ba ya tsinana komai. Wadda aka fi sani ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Duk sabuwar da ta fito takan fi ta baya nauyi. Ka ɗauki jakin da ya saba kai buhu biyu na albasa kasuwar Bangi. In aka aza masa biyar ya durƙusa, tsufa ne ya kayar da shi, ko kaya?

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro, sai ga wanda ya shiga wani shirin ƙarin wa'adi. Ita kuwa Windows 11 ba ta yarda ta hau kwamfutoci da yawa da aka ƙera shekarun baya ba, ko da lafiyarsu lau. Kamfani yana da hujjarsa, ya ce don tsaro ne, kuma ba wanda zai tilasta wa ɗan kasuwa ya yi ta hidimar tsohon kaya har abada. Amma dubi inda abin ya bar ka. Kuɗinka ne, kayanka ne, ga shi ranar ƙarewarsa an yanke ta a wata ƙasa ba da shawararka ba.

Wasu mutane sun daɗe da ganin wannan matsala. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya fara aikin da ya kira GNU. Ra'ayinsa shi ne kowa ya samu ƴancin yin aiki da manhaja, da duba yadda aka tsara ta, da gyara ta, da ba maƙwabcinsa. A 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta ƙashin bayan abin da ake kira Linux. Aka haɗa ayyukan biyu, jama'a daga ƙasashe da dama suka sa hannu kamar yadda ake gayya a gona. Yau Linux iri-iri ce. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004. Akwai marasa nauyi kamar Lubuntu da antiX, waɗanda tsofaffin kwamfutoci ke ɗauka ba wahala. Akwai Emmabuntüs, wadda wasu masu aikin sa kai a Faransa suka tsara a 2012 musamman don farfaɗo da kwamfutocin da aka ba da sadaka, an kuma yi aiki da ita a makarantun Togo.

Yadda ake yi ba tsafi ba ne. Ana zuba manhajar a ƴar kile ta USB, a soka wa kwamfuta, a gwada ta tukuna ba tare da an goge komai ba. In ta yi, sai a kwashe takardun da ke ciki a adana su wani wuri, sannan a girka ta. Ba a biyan ko dala, kuma ba sata ba ce, domin masu ita sun yafe tun farko. Wannan ya bambanta ta da kwafen bayan fage da ake zuba wa mutane a rumfunan kasuwa, wanda haƙƙin wani ne, kuma sau da yawa da cuta yake zuwa. Da ita malamin yaƙi da jahilci zai buga darasinsa, har da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Sakataren ƙungiyar manoma zai riƙe lissafin taki da bashi. Da wata manhaja mai suna Kiwix kuwa, yara za su karanta Wikipedia ko babu intanet.

Mu mutanen Adar bai kamata wannan magana ta zame mana baƙuwa ba. Kafin 1984 ƙasa nawa ce a Keita aka ce ta zama fako, ba ta ƙara ba da hatsi? Da aka fara babban aikin raya karkara a shekarar nan da taimakon Italiya, mata da maza suka jera duwatsu, suka haƙa ramuka, suka dasa itace, har gonaki suka dawo. A kwarin Majiya ma, tun 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro don tare iska. Ƙasar ba ta mutu ba, mai kula ta rasa.

Sai dai wani zai ce: shin talaka kullum sai ragowar wasu? Wannan magana tana da nauyi, kada mu raina ta. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an sarrafa yadda ya dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani kason yakan sauka Afirka da sunan kayan gwanjo ko kyauta. A Agbogbloshie ta birnin Akra, kafin hukuma ta rushe wurin a 2021, samari sun yi shekaru suna ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙi mai guba. Don haka ba kowace kyauta ce alheri ba. Kwamfutar da cikinta ya ƙone, babu Linux ɗin da zai tashe ta. Wadda ke shan wuta da yawa kuma, nauyi ce ga makarantar da ke dogaro da hasken rana. Mai bayarwa ya gwada kafin ya bayar, mai karɓa kuma kada kunya ta hana shi cewa a'a.

To, mene ne ya raba kyauta da shara? Sani ne. Kwamfuta goma a ajin da babu wanda ya iya su, bayan shekara biyu juji ne. Guda ɗaya a hannun yarinyar da ta iya girka mata manhaja, ta kuma koya wa ƙannenta, dukiya ce. Rasit yana nuna wanda ya biya kuɗi, amma wanda ya iya gyaran abu shi ne mai shi na gaskiya. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka, ya kai mai karatu, addini ya hana mu almubazzaranci, hankali ma ya hana. In akwai irin wannan kwamfuta a makarantarku ko ofishin magajin garinku, kada ku yi gaggawar sayar wa ƴan gwangwan. Ku nemi wanda ya iya ya gwada ta, ku kuma zaunar da yara biyu ko uku kusa da shi, su ga yadda yake yi, har su iya da hannunsu. In bayan gwaji ta ƙi tashi, to, ku ne kuka yanke hukunci, kuma kun yanke shi da sani. Allah ya sa mu dace.