TUFAFI DA ALMUBAZZARANCI: DARASI DAGA HUBBAREN SHEHU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya je Hubbare a birnin Sakkwato, inda aka binne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1817, zai tarad da maziyarta cikin shadda da leshi da atamfa, kowa ya ci ado. Amma kaɗan ne ke tuna abin da masu tarihi suka ruwaito, cewa Shehu, duk da ƙasashen da suka yi masa mubaya'a, wando ɗaya da rawani ɗaya ya mallaka, kuma da tufkar igiya yake neman abin sawa a baka. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya koka a cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati bisa yadda waɗansu mutanen jama'ar Shehu suka karkata ga neman mulki da dawaki da tufafin alfarma, har abin ya sa ya rabu da su ya nufi gabas, ya yada zango a Kano.

To, ga tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta. Mutum ya nemi kuɗinsa ta hanyar halal, ya fitar da zakka. Shin akwai laifi a kansa idan ya ɗinka sabuwar riga kowane mako, ya yi watsi da ta makon jiya?

Da farko dai, Musulunci bai hana ado ba. A cikin Suratul A'arafi, aya ta 31, Allah Ya umurci 'yan Adam da su yi ado idan za su masallaci, kuma aya ta 32 ta yi inkari ga mai haramta ƙawar da Allah Ya fitar wa bayinSa. Muslim ya ruwaito cewa da aka tambayi Annabi (S.A.W.) game da mai son rigarsa da takalminsa su yi kyau, bai lissafa wannan cikin girman kai ba. Saboda haka ba a ce kowa ya koma wando ɗaya ba. Wannan zuhudu ne na manyan bayin Allah.

Amma ita ayar da ta yi umurni da ado, da hani ga israfi ta ƙare. Ma'aunin israfi kuwa ba tsadar abu kaɗai ba ne, a'a, har da tozarta amfaninsa. Babbar riga mai tsada wadda za a shekara goma ana sawa, sa'an nan ɗa ya gada, ta fi kusa da tattali bisa yadi goma masu araha waɗanda aka sa sau ɗai-ɗai aka jibge a akwati. Dukiya amana ce, kuma Tirmizi ya ruwaito cewa ranar Alƙiyama za a tambayi bawa inda ya samo ta da inda ya kashe ta. Wanda ya ce "kuɗina ne" rabin tambayar kawai ya amsa.

A dubi al'adar anko. Kowane biki da nasa yadi, wani ma kala biyu ko uku, kuma abin kunya ne a ga mace ta maimaita na bikin baya. Magidanci ya ci bashi domin a fita kunyar dangi, alhali kuwa maƙwabcinsa ba shi da abin da zai yi wa marayun da ke hannunsa ɗinkin Salla.

Sa'an nan araha ba ta zuwa a banza. Akwai mai biyan cikon kuɗin. A shekarar 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a ƙasar Bangaladash, ya hallaka mutum fiye da 1,100, galibinsu maɗinka masu yi wa kamfanonin Turai da Amurka tufafin yayi a kan ɗan lada. A kasuwar Kantamanto ta birnin Akara, dilolin gwanjo suna shigowa kowane mako, abin da ya ƙi sayuwa ya ƙare a juji da bakin teku. Yadin roba kuwa, wanda daga man fetur ake yin zarensa, ba ya ruɓewa kamar auduga, sai ya haɗu da leda ya toshe magudanar ruwa da damina. A gida kuma, masaƙun Kaduna da suka ciyar da dubban iyalai sun durƙushe, masaƙan gargajiya da marina sun zama 'yan tsiraru.

Maganin ba mai wuya ba ne. Mai saye ya tambayi kansa sau nawa zai sa abin kafin ya biya. Ya zaɓi mai ƙarko, ya fifita aikin masaƙi da maɗinkin garinsu idan ya samu. Abin da ya yage a kai wa tela, domin Nana A'isha ta ba da labari cewa Annabi (S.A.W.) da kansa yake ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa. Abin da aka daina sawa a bayar tun yana da sauran mutunci, kada a jira ya zama tsumma. Masu biki kuma su sauƙaƙa, su bar kowa ya zo da abin da yake da shi.

Buhari ya ruwaito cewa da ajalin Sayyadina Abubakar ya gabato, ya yi wasiyya a wanke tsohon mayafinsa a haɗa cikin likkafaninsa, domin a ganinsa mai rai ya fi mamaci bukatar sabo. Waɗanda ke kwance a Hubbare, malamai da sarakuna, da farin ƙyalle aka kai kowannensu. Ya kamata maziyarci ya koma gida ya buɗe akwatinsa, ya ƙirga abin da ya shekara bai sa ba, ya tuna da mai bukatarsa.

Allah Ya tsare Musulmi daga israfi, Ya azurta su da wadatar zuci. Amin.