Wutar Da Ta Keto Sama: Baiti Biyu Da Sharhinsu

Wuta ta keto samaniya da asubahi,
Duhu ya yaye har ana ganin gari.
Tun ba ta mutu ba, ga harsunan jama'a
Sun fara haƙa wa mai numfashi kabari.

Ku sani, ya 'yan'uwa, Allah Ya yi mana rahama da mu da ku, abin da ake nufi da wuta a nan shi ne wanda Larabawa ke kira shihabi, mu kuwa mu ce tauraro ya faɗi. Ba tauraro ba ne. Dutse ne mai yawo a sararin sama, in ya kutso cikin iskar duniya da gudu sai ya ɗau zafi, ya yi haske, ya tarwatse.

Irinsa ya auku a arewacin Sudan ran 7 ga Oktoba, 2008, wajen sallar asuba. Mutanen Wadi Halfa da na tashar jirgin ƙasa ta shida sun gan shi. Girman dutsen kamar mita 4, ya fashe wajen kilomita 37 bisa hamadar Nuba. Abin mamaki, wani mai duban sama da madubi a Arizona ta ƙasar Amurka ya hango shi tun kafin ya iso da kusan sa'a 20, masu lissafi suka faɗi inda zai sauka da lokacin, haka kuwa aka yi.

To, ga mas'ala. In wani ya ce, ashe ke nan sun san gaibu? Sai mu ce a'a. Wanda ya hau tudu ya hango ƙurar ayari, ya ce gobe da hantsi fatake za su shigo, ai ba duba ya yi ba. Abu ya gani, ya auna tafiyarsa. Da ya yi kuskure, da kowa ya kama shi washegari.

Mai da'awar gaibu shi ne wannan da ke zaune kusa da kai a kan tabarma, wanda wuta na wucewa sai ya girgiza kai ya ce, "Wani babba zai tafi." Shi ba a kama shi, domin ba a yin shekara babba bai rasu ba. In an yi rasuwar ya ce ai na faɗa, in an jinkirta ya yi shiru. Maganar kuwa tsohuwa ce. Imamu Muslim ya ruwaito cewa an jefa tauraro wani dare, Annabi, sallallahu alaihi wasallama, yana tare da sahabbansa, ya tambaye su abin da suke faɗa kan irin wannan a jahiliyya. Suka ce haihuwar babban mutum ko mutuwarsa. Ya sanar da su ba a jefa shi don mutuwar kowa ko rayuwarsa.

Kada ka ce magana ce kawai. Bayan zana akwai tsoho kwance wata biyu, yana jin ku. Akwai matarsa da ke dama masa kunu, hannunta ya soma rawa. Kai ka faɗa ka tafi ka yi barci, su ba su runtsa ba.

Amma 'yan makarantar Jami'ar Khartum, cikin Disamba na shekarar 2008 suka jeru sahu a hamada, suna tafe suna duban ƙasa, har suka tsinto baƙaƙen gutsattsarin dutsen a kan rairayi.